Wutar da Aka Hura a Malta

Sana'ata fassara ce, mai wannan sana'a kuwa ya saba da kalmomin da ke yi masa gardama. A watan jiya wata ƙungiya ta aiko mini da takardar yabo da za a karanta a bikin karrama wani attajiri, aka ce in mayar da ita Hausa kafin Juma'a. Aiki ya tafi sumul har na iso kan laƙabin da Turawa ke ba mai kuɗin da ya gina asibiti ko ya ɗauki nauyin karatun marayu, wato filantirofis. Na rubuta "mai taimakon al'umma", na goge. Na rubuta "mai kyauta", na ji ya yi kama da kirarin maroƙa. Daga ƙarshe na bar "mai jinƙan jama'a", na aika, aka biya ni. Amma kalmar ba ta sake ni ba, domin na san gidan da ta fito, na kuma san cewa a can ba a tambayar mai ita nawa ya mallaka.

Kalmar ta Girkanci ce, philanthropia, da bakinmu filantirofiya. Gaɓa biyu aka haɗa: philos, so irin na aboki, da anthropos, ɗan Adam, namiji ne ko mace, ɗan gari ne ko baƙo. Son mutum ke nan don kasancewarsa mutum. A cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, waɗanda aka rubuta da Girkancin yau da kullum na ƙarni na farko na Miladiyya, sau uku kacal ta bayyana: sau biyu a Ayyukan Manzanni, sau ɗaya a wasiƙar da aka aika wa Titus. Waɗanda aka siffanta da ita su ne wani hafsan sojan Rum, da mutanen wani tsibiri da ba su jin Girkanci, da kuma Allah. Ba a ambaci dukiyar kowa ba. Hafsan da mutanen tsibirin kuma ba mabiya addinin marubucin ba ne.

Kafin ta shiga wannan littafi, kalmar ta yi kusan shekara 500 tana yawo a bakin Girkawa. Wuri mafi daɗewa da aka fi ambata shi ne wani wasan kwaikwayo na birnin Atina na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, wanda ake jingina wa Eskilus. Labarin Furometiyus ne, wanda a tatsuniyar Girkawa ya sato wuta daga wurin alloli ya kai wa mutane, sai Zeyus ya sa aka ɗaure shi da sarƙa a jikin dutse. Masu ɗaurin nasa ne suka furta kalmar, kuma tuhuma ce a bakinsu: laifinsa shi ne halin son 'yan Adam, an ɗaure shi ne don ya koyi dainawa. Daga nan ta zama kalmar fada. Zenofon ya yaba wa Sarki Sayirus na Farisa da ita. A Masar ta zamanin sarakunan gidan Batlamiyus, dokokin afuwa da na yafe bashin haraji sunansu ke nan, filantirofa, kamar dokar afuwar da aka fitar a shekara ta 118 kafin Miladiyya bayan yaƙin basasa. Ko a jikin Dutsen Rosetta na shekara ta 196 kafin Miladiyya, wanda ya buɗe wa masana hanyar karanta tsohon rubutun Masar, an yi amfani da aikatau na wannan kalma wajen yabon sarki. A wannan reshe, daga sama take gangarowa: abin bauta zuwa ga mai bauta, sarki zuwa ga talaka.

Akwai kuma reshe na biyu, wanda ba ruwansa da sarauta. Zenofon ɗin nan, a littafinsa na kiwon dawaki, ya ba da shawarar a reni ɗan doki ta yadda zai tashi da son mutane, kuma da wannan kalma ya faɗe shi. Aflatun ya sa Sukurat ya ce ita ce ke sa shi zuba wa duk wanda ya gamu da shi abin da ya sani ba tare da karɓar ko sisi ba. Aristotal kuwa, a littafinsa na ɗabi'a, ya lura cewa matafiyi ne ya fi kowa ganin yadda mutum yake ɗan'uwan mutum a duk inda aka je. Luka, wanda ake jingina wa Ayyukan Manzanni, ya gaji rassan biyu, ya kuma sa su a cikin tafiya ɗaya.

Wajen shekara ta 60 ta Miladiyya aka ɗauki Bulus a matsayin fursuna daga Kaisariya za a kai shi Roma, domin ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Aka danƙa shi a hannun wani hafsa mai suna Yuliyas, shugaban soja ɗari. Da jirgin ya tsaya a Sidon, Yuliyas ya bar shi ya sauka ya je wurin abokansa su kula da shi. Wannan sassauci shi Luka ya kira da kalmarmu, kuma ya dace da tsohon amfaninta na fada, mai iko ya sauƙaƙa wa wanda ke hannunsa. Kasada ce kuwa, domin sojan Rum da fursuna ya kuɓuce masa yakan biya da ransa.

A Mira suka koma wani jirgin alkama da ya taso daga Iskandariya, da mutum 276 a ciki. Guguwa ta same su a gefen tsibirin Karita, ta yi ta kora su har dare na 14, suka zubar da kaya, suka zubar da alkamar kanta. Da gari ya waye jirgin ya kafe a yashi, raƙuman ruwa suka farfasa bayansa. Sojoji suka yi shawarar kashe fursunoni kada wani ya yi iyo ya gudu, Yuliyas ya hana. Masu iya iyo suka faɗa ruwa, saura suka kama katakai, kowa ya kai gaɓa. Sai daga baya suka ji sunan wurin, Malta.

Luka ya kira mutanen tsibirin barbaroi. Bagirke idan ya ji harshen da bai gane ba, sai ya ce bar-bar kawai yake ji, daga nan sunan ya samo asali. Mutanen Malta na lokacin jikokin Finikiyawa ne, harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne. Mu ma muna da irin wannan suna a aljihu. Muna cewa baubawa, jam'i baibayi, ga wanda Hausarsa ba ta fita. Muna kiran maganar da ba ta nuna ba gwaranci, ba tare da mun tuna cewa sunan wata al'umma muka ɗauka muka mayar abin ba'a ba. Waɗannan baibayin ne Luka ya ce sun nuna filantirofiya wadda ta wuce ta yau da kullum. Da ya zo bayyana ta kuma, bai kawo dogon lissafi ba. Ana ruwa, ana sanyi, suka hura wuta, suka karɓi kowa, soja da fursuna da matuƙin jirgi. A safiyar nan mai iko shi ne wanda yake tsaye a busasshiyar ƙasa da garwashi a hannu, ɗan daular Rum kuwa yana rawar ɗari.

Abin da ya biyo baya ne ya fi tsaya mini a rai. Bulus ya tattaro ƙirare ya zuba a wutar, sai maciji ya fito saboda zafi ya maƙale masa a hannu. Nan take masu masaukin suka yanke hukunci a tsakaninsu: lallai wannan mai kisan kai ne, ya tsira daga teku amma Adalci, wadda suke ɗauka abar bauta ce, ba ta bar shi ba. Da suka jira ya kumbura bai kumbura ba, sai suka juya suka ce ai shi ma abin bauta ne. Sau biyu suka yi kuskure a kansa cikin ɗan lokaci kaɗan. Ashe ba don sun san shi mutumin kirki ne suka hura masa wuta ba. Sun ga sarƙa, sun ga sojoji, suna iya zaton komai, amma wutar ta riga hukuncin zuwa.

Na san wannan tsari ne tun kafin in karanta shi da Girkanci. Shekaru tara da suka wuce, cikin watan Agusta, ni da direban ofishin da nake yi wa aiki a lokacin muna dawowa daga wani taro, dare ya yi mana a wata hanyar tsaunuka da ke gangarowa daga Filato. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Muka faɗa wani kwalbati da ambaliya ta shanye, injin ya sha ruwa ya mutu. Waya babu sabis. Yankin kuwa na cikin wuraren da aka zubar da jini ba sau ɗaya ba, tsakanin masu kama da mu da mutanen da ke zaune a wurin. Direban ya cire hularsa ya cusa a ƙarƙashin kujera bai ce mini uffan ba. Ni ma na cire tawa.

Can sai ga hasken tocila huɗu. Samari ne, ɗaya da gora, ɗaya da adda. Suka shiga ruwan har cinya suka turo motar zuwa kan tudu. Sannan babbansu ya haska fuskata ya ce, "Malam, buɗe but mu gani." Na buɗe. Suka birkita jakunkunanmu da kwalayen takardu, ba su ga komai ba, ba su kuma ba da haƙuri ba. Ya ce mu biyo su.

A wani ɗan ɗakin girki muka tarar da mahaifiyarsa, tsohuwar da Hausarta ba ta wuce sannu ba. Ta dube mu sau ɗaya, ba ta yi murmushi ba. Ta jawo busassun itatuwa daga rataye ta ƙara a murhu, wanda duk ya yi zaman ƙauye kuwa ya san darajar busasshen ice a tsakiyar damina. Ta ɗumama gwaten acca ta miƙo mana a kwano ɗaya. Na ce, "Mun gode, Mama." Ta gyaɗa kai ta fita. Ɗanta ya kwana a bakin ƙofa da gorarsa, yana gadinmu, yana kuma gadin gidansu daga gare mu. Da safe suka ɗauko bakanike a babur. Na ƙunsa kuɗi na miƙa wa tsohuwar, ta yi magana da harshenta, ɗan ya fassara: "Ta ce ku biya bakanike, ita ba ta sayar da wuta." Sai da muka hau hanya direban ya gaya mini abin da saurayin ya faɗa masa cikin dare, cewa ƙanen tsohuwar na cikin waɗanda aka kashe a rikicin da ya gabata.

Ba na jin matar nan ta ƙaunace mu, ko ta yarda da mu. Ta ga mutum biyu jiƙe sharkaf, ta yi abin da ake yi wa jiƙaƙƙe, ta bar sauran lissafin sai gari ya waye.

Wuri na uku da kalmar ta bayyana ya ɗauki wannan tsari ya ɗora shi a kan Allah. Wasiƙar Titus tana umartar masu bi na tsibirin Karita da kada su ɓata sunan kowa, su zama masu sauƙin kai ga dukan mutane. Dalilin da ta bayar shi ne cewa su ma a da batattu ne, abin ƙi, masu ƙin juna, kuma a cikin wannan hali ne son da Allah yake yi wa ɗan Adam ya bayyana gare su, ba sakamakon wani aikin kirki da suka gabatar ba. Ko mai karatu ya yarda da aƙidar wasiƙar ko bai yarda ba, hujjar a fili take: wanda aka karɓa kafin ya cancanta ba shi da bakin da zai ce sai an cancanta zai karɓa.

A wannan wuri an jera kalmar da wata 'yar'uwarta, chrestotes, wadda ta fito daga chrestos. Bagirke yana cewa chrestos ga abin da ya yi amfanin da aka yi shi dominsa, ruwan inabin da ya kwana biyu ya yi laushi, ko karkiyar da ba ta cin wuyan sa, yana kuma faɗar ta ga mutum mai daɗin sha'ani. Wannan ba ta ba ni wahala ba, domin ita ce kirki. Muna cewa takalmin kirki, abincin kirki, mutumin kirki, da kalma ɗaya. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa laccarsa a kan mutumin kirki a tunanin Bahaushe, ya lissafa siffofi irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci.

Filantirofiya ce mai gardama. Jinƙai yana buƙatar wanda aka jiƙanta ya kasance a ƙasa. Tausayi abu ne na zuci, ana iya jin sa a kwance a gado ba a tashi ba. Zumunci ya tsaya a kan dangi da wanda aka sani. Karamci ya matso kusa, sai dai na mai gida ne ga baƙon da ya yi sallama, Yuliyas kuwa ba mai masauki ba ne, mai tsaro ne. Alheri ya yi faɗi, har ruwan sama alheri ne. Masu fassarar Latin sun zaɓi humanitas, wadda suka gina a kan kalmarsu ta mutum. Mu ma muna da irin wannan gini: mutum, mutunci, mutuntawa. Ka mutunta wani, wato ka ɗauke shi a matsayin mutum ka kuma nuna masa haka a aikace. Yuliyas ya mutunta fursunansa. Mutanen Malta sun mutunta waɗanda teku ta amayo. Da ni ne mai fassara waɗannan wurare, nan zan tsaya.

Yadda kalmar ta koma ta masu kuɗi yana da nasa tarihin. A shekara ta 362 Sarki Juliyan na Rum, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar allolin kakanninsa, ya rubuta wa babban firist na lardin Galatiya yana ƙorafin cewa filantirofiyar Kirista ga baƙi da kula da gawawwaki ita ce ke jawo musu mabiya. Ya ba da umarni a gina masaukan baƙi a kowane birni, ya ware hatsi da ruwan inabi daga baitulmali. Bayan 'yan shekaru Basil, bishop na Kaisariyar Kafadokiya, ya gina wata babbar unguwa ta marasa lafiya da matafiya a bayan gari. Abin da yake hali ya zama ma'aikata. A 1889 Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka, ya rubuta maƙalarsa a kan dukiya, inda ya soki sadakar da ake bayarwa ba bincike, ya ce a taimaki wanda zai taimaki kansa. Ya gina ɗakunan karatu fiye da 2,500. Ba ni da abin zargi a nan. Wutar murhu ba ta yin tiyata, kuma matar da naƙuda ta zo mata da gardama asibiti take bukata, ko wane ne ya gina shi. Amma tsarin ya juye: yanzu tantancewa ce ke zuwa da farko.

Na ga juyin a ƙofar gidana. Cikin hunturun bara, bayan sallar isha'i, maigadi ya kira ni a waya ya ce ga wani mutum da matarsa da yaro, wai an yanke masa aljihu a tasha, yana neman na mota. Labari ne da kowa ya sha ji, sau da yawa ƙarya ne. Na ce, "Baba, ka ba shi haƙuri, ka ce na kwanta." A watan nan kuwa banki ya cire kuɗin da nake aika wa wani gidan marayu kamar kullum, ba tare da na ɗaga yatsa ba. Mai yiwuwa mutumin ɗan damfara ne, kuma ba na cewa a buɗe ƙofa ga kowa a zamanin da muke ciki. Samarin Filato ma sai da suka bincike but. Bambancin shi ne sun fito cikin ruwa sun dube mu ido da ido, ni kuwa na yanke hukunci daga kan kujera, ban ga fuskar yaron ba.

Diyojinis Layartiyus, marubucin ƙarni na 3 na Miladiyya wanda ya tattara tarihin masana falsafa, ya ruwaito wani rabo da ake jingina wa Aflatun, cewa filantirofiya iri uku ce: gaisuwa da miƙa hannu ga wanda ka gamu da shi, taimakon wanda masifa ta faɗa wa, da kiran mutane cin abinci. Gaisuwa ya sa a farko. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, shi da ya ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Mu ma'aikatan birni mun riƙe na biyu, mun miƙa shi ga banki da ƙungiyoyi, na farko da na uku kuwa mun bar wa maigadi.

Malta har yau tana bikin tunawa da haɗarin jirgin Bulus a ranar 10 ga Fabrairu, ranar hutu ce a ƙasar. Teku kuma ba ta daina amayo mata mutane ba, sai dai yanzu daga gaɓar Libiya suke tasowa, da yawansu ta Agadas suka ratsa Sahara. A watan Yuni na 2018 jirgin ceto mai suna Aquarius ya tsamo mutum 629, Italiya ta hana shi tsayawa, Malta ma ta hana, sai da ya yi kwanaki a teku kafin Sifaniya ta karɓe shi a Balensiya. Malta ƙaramar ƙasa ce, faɗinta murabba'in kilomita 316, kuma hujjarta ta cewa nauyin ya fi ƙarfinta ba ta banza ba ce. Ni da na ce wa maigadi ya ce na kwanta ba ni ne zan yi mata wa'azi ba.

An yi bikin attajirin ranar Asabar, an karanta fassarata, aka yi tafi. Asibitin da ya gina na gaske ne, mutane suna warkewa a ciki, laƙabin da na ba shi kuma bai yi ƙarya ba. Da na dawo gida na tsaya a ɗakin maigadi na ce masa, "Baba, daga yau in wani ya zo da dare, kada ka sallame shi, ka kira ni in fito." Ya dube ni ya ce, "To, ranka ya daɗe. Amma wancan na hunturu na ba shi shayi da burodi kafin ya tafi, yaron yana rawar sanyi."